Idon Ɗanjuma a Rumfar Tumatir

Ku 'yan yanzu kuna ba ni dariya. Kwanan baya ina zaune a bakin kanal, wani saurayi ya zo neman aiki. Na tambaye shi abin da ya iya, ya ce in sa shi ɗiban tumatir, tunda shi ba ya buƙatar koyo: ja a tsinke, kore a bari. Na ce ya samu wuri ya zauna ya huta, don da gani ilimi ya yi masa nauyi. Ni Garba a garkar tumatir na tsufa. Daga Goronyo zuwa Wurno zuwa Rabah babu fadamar da ban tsuguna a cikinta ba, amma har yau in na ɗauki guda sai na juya shi na dubi gindinsa kafin in san inda za shi.

Aikin farko a hannun mahaifina na yi shi, tun ba a yi dam ba, lokacin da ake ban ruwa da jigo. Tumatirin wancan zamani ƙanana ne masu ruwa, da sun nuna sai su yi laushi, a ɗora wa jaki a kai kasuwar kusa a sayar kafin la'asar. Ranar da ya fara sa ni a layi bai ce mini komai a kan ja ko kore ba. Hannuna ya kama ya duba, ya sa aka yanke mini farce ƙasa-ƙasa, don farce in ya soki fata, ta nan ruɓa take shiga. Ya hana ni taɓa ganye sai raɓa ta bushe. Ya nuna mini yadda ake murɗawa da yatsa a maimakon fizga, saboda mai fizga reshe yake karyawa, ya kashe 'ya'yan da ko fitowa ba su yi ba. Na yi rani guda ina ɗiba yana bina a baya, yana juye bokitina a ƙasa yana cewa in sake zaɓe. Mutum ne mai rowar yabo. Ranar da ya leƙa bokitina ya wuce bai ce uffan ba, ranar na san na iya.

Da aka tare ruwan Rima aka ja kanal, aikin ya canja kama. Injin ban ruwa ya kori jigo, garka ta zama gona, manyan motoci suka fara shigowa har bakin rumfa suna ɗaukar kaya zuwa Kudu. A nan ɗiba ya zama sana'ar ido, don kowane tumatir da tafiyarsa. Wanda za a kai Sakkwato gobe da safe, jawur ake so. Wanda zai kwana ya sake kwana a hanya, sai wanda ya ƙosa bai nuna ba: korensa ya fara dishewa, gindinsa ya ɗan yi ruwan goro, shi ne zai ƙarasa nuna a cikin mota ya isa yana sheƙi. Ka yi kuskure ka jefa nunanne guda a tsakiya, nauyi zai fasa shi, ruwansa ya bi maƙwabtansa duk su lalace. Ka sa ɗanye shar, zai je ya dawo yana nan kamar gauta. Tsakanin waɗannan biyu ɗan siririn wuri ne, kuma a wurin nan muke cin abinci.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Bokiti ne na 'yan ɗiba, da babban kwando, da karan shinkafa na shimfiɗa, da takardar siminti ta rufi, da igiya, da wuƙa, da gammo na masu ɗauka. Ana juye ɗiba a inuwar rumfa, mai shiryawa ya zauna a kan kujerar tsuguno ya zaɓa. Kwando yana da gindi, yana da ciki, yana da fuska. Masu ƙarfi a gindi, matsakaita a ciki, a fuska kuma a jera kyawawa kai-da-kai. Amma kada fuska ta yi wa ciki ƙarya. Matan Kudu da ke saye ba fuska suke kallo ba. Akwai wata mai jiki da na daɗe ina shirya wa kaya, in ta zo sai ta naɗe hannun riga ta cusa hannu har gwiwa, ta zaro guda daga can ƙasa ta ɗaga mini shi a hanci. In ta yi murmushi, to, ka wanke. In ta yi shiru ta goge hannu a zane, kai da ita sai a lahira.

A wannan sana'a mun yarda da abu guda kamar karatu: ido gado ne, daga uba zuwa ɗa. In saurayi ya zo neman ɗiba, ba a tambayarsa me ya iya, sai a ce ɗan wane ne. Kuma akwai sunan da in aka ambata, an gama magana, shi ne Ɗanjuma na Kagara.

Baba Ɗanjuma surukina ne, uban matata Hajara, Allah ya jiƙansa. Dattijo ne mai kirki, idonsa kuma garau, yana hango jaki daga ƙetaren gulbi ya faɗa maka na wane ne. Ja da kore ne kawai ba ya rabawa. An ce ya taɓa shiga gonar barkono ya cika buhu, rabi ɗanye rabi nunanne, ya fito yana alfahari. Ya taɓa saya wa matarsa koriyar atamfa yana rantsuwa ruwan ƙasa ce. Daga baya ya haƙura ya koma albasa da tafarnuwa, waɗanda ba sa wasa da launi. Mutane suka ɗauki sunansa suka yi abin zolaya da shi, duk wanda ya tsinko ɗanye sai a ce idon Ɗanjuma ya kama shi. 'Ya'yansa mata ba wanda ya damu da su, don Hajara tana raba zaren ɗinki kala-kala ko da magariba ta kawo jiki. Ɗansa namiji, Isah, shi ne ya biya.

Isah ƙanin matata ne, abokin wasana, ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Tun yana saurayi ya shigo garka, kuma ba mai gonar da ya yarda ya ba shi bokiti. Gammo aka ba shi. Ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar kwando daga rumfa zuwa mota har gashin tsakiyar kansa ya zube. Ni kuwa ina lura da shi: in ya zo ɗauka yakan sa hannu ya zare guda daga fuska ya ajiye gefe ba tare da ya ce komai ba, in na duba sai in ga lallai ya wuce tafiyar. Da na zama shugaban 'yan ɗiba a gonakin wani Alhaji, wanda ke da garka a Boyekai da wata a Rara, sai na ce zan ɗora Isah a kan shiri. Alhaji ya dube ni sheƙeƙe.

"Garba, ɗan Ɗanjuma na hwa. Ko don ƙanen matakka na?"

Na ce, "Alhaji, ka bar man shi. In yab ɓata, ni nib ɓata."

Ya yarda, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Wanda ba a yi gardama a kansa ba shi ne Nasiru, ɗana, namijina tilo, sauran duk mata ne. Tun yana ƙarami yake bina garka, ya girma ya yi aure a cikin aikin. Yana da natsuwa, ba ya gaggawa, kowane tumatir sai ya ɗan latsa shi da babban yatsa kafin ya ajiye. Ni ina ganin haka ina jin daɗi, ina cewa yaron nan ya fi ni kula. Kowa ya san shi zai hau kujerata.

In 'yan garka suka ce mummunar shekara, shekarar tsutsa suke nufi, wadda ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ita ta kowa ce, mun sha ta tare. Tawa daban ce, kuma a shekarar albarka ta zo. A ranin ne Alhaji ya sauya iri, ya kawo sabon nan dogo mai tauri, wanda ko ya yi jawur in ka latsa shi kamar ɗanye. Ya yi 'ya'ya har reshe na jan ƙasa. Ɗiba ya haɗe mana a gona biyu rana ɗaya, sai na raba ƙafa: ni na tafi Rara, na bar Isah da Nasiru a rumfar Boyekai su shirya kayan Kudu, ɗaya na cika ciki, ɗaya na jera fuska yana ɗaurewa. Mota ta tashi lafiya.

Da kaya suka isa, dillali ya kira Alhaji a waya yana ta faɗa. Kwandunan Rara lafiya lau. Na Boyekai kuwa fuska kyakkyawa, ciki kwamacala: nunannu sun fashe sun jiƙa sauran, ɗanyu suna nan a sandare. Masu saye suka ce algus aka yi musu da gangan. Alhaji ya iso rumfa a kan babur, bai ko sauka ba.

"Ban hwaɗa maka ba, Garba? Idon ubanai na. Kak in ƙara ganinai cikin garkata, ko gammo ban ba shi."

Isah yana tsaye da igiya a hannu. Na ce masa ya yi magana, ya faɗi yadda aka yi. Ya naɗe igiyar ya rataye a jikin rumfa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya kama hanyar Kagara. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, don na tsaya masa ya kasa tsaya wa kansa.

Maganar garka ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin kasuwa ta zagayo, duk mai gona daga Goronyo har Wurno ya ji cewa ɗan Ɗanjuma ya ruɓar da mota guda, wasu ma suka ƙara da cewa mugunta ce. Duk inda ya je neman aiki sai a ce an cika. Mutum mai mata da 'ya'ya, a tsakiyar rani, ba gona ba garka. Sai labari ya zo mini cewa ya yanke shawarar bin samarin da ke tafiya haƙar zinare a daji, inda rami ke rufta wa mutane, kuma da motar ranar kasuwa zai tafi. Hajara ta daina cin abincin kirki. 

Ana cikin haka wata rana da hantsi, ina rumfar Rara ina ware ruɓaɓɓu, Malam Aminu ya zo. Malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Rabah, kuma duk rani yakan zo da kwalabe da auduga yana roƙon ruɓaɓɓen tumatir. Ba tumatirin yake so ba, 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan da ke tashi a kansa yake kamawa ya kai wa ɗalibai. Mu abin ƙyama ne a wurinmu, shi kuwa kamar ya samu dabbobin kiwo. Nakan zolaye shi in ce ya biya ni jangali. Ranar ba ni da bakin wasa, amma ya matsa sai na leƙa ta wani madubinsa mai ƙara girman abu. Na leƙa, na ga ƙuda da ido ja kamar an ɗiga masa jini.

"Dut jajayen ido gare su," in ji shi. "Amma a jami'a mun yi kiwon wasu masu hwararen ido. Ka san abin mamaki? In ka haɗa namiji mai hwarin ido da mace mai jan ido, ɗiyansu dut ja, maza da mata. Sai ka ce abin ya ɓace. Sai ɗiya matan nan sun haihu, sannan hwarin shi dawo, kuma ga maza kaɗai. Wani shi ɗauko, wani shi tsira."

Na ajiye tumatirin da ke hannuna. Na ce, "To ɗiyanai maza hwa? Su da ɗiyansu?"

"Su sun hita. Uba ba shi ba ɗanai namiji wanga abu ko kaɗan."

Na ce ya sake faɗa a hankali, kamar yana yi wa ɗan aji ɗaya. Ya zauna a kan kwando ya yi mini bayani. Ya ce a jikin ƙuda da na mutum akwai wani ƙunshin gado da suke kira da harafin X. Mace tana da shi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Namiji guda ɗaya gare shi, kuma daga uwa kaɗai yake samunsa, don abin da uba ke ba ɗansa wani ƙunshi ne daban, wanda ke sa ya fito namiji. Ya ce in ɗauka mace zane biyu ta ɗaura, in ɗaya ya huje, ɗayan ya rufe, ba mai gani. Namiji kuwa zane ɗaya ne, in da huji kowa zai gani. Saboda haka mai abin yana miƙa wa duk 'ya'yansa mata, su riƙe shi a ɓoye, lafiyarsu ƙalau, sai ya ɓullo a wasu daga cikin 'ya'yansu maza. Mace ba ta nuna shi sai in ta samo ta wajen uba ta kuma samo ta wajen uwa, shi ya sa ba a cika gani ba. Ya ce a mutane haka ciwon nan yake bi wanda jini ba ya tsayawa in an yi kaciya, haka kuma rashin raba ja da kore.

Bai san komai a kan abin da ke damuna ba, labarin ƙudansa kawai yake yi. Ya toshe kwalabensa ya yi godiya ya tafi. Ni kuwa na zauna ina tuna babban yatsan Nasiru a kan tumatir.

Washegari bayan an karya kumallo na kira Nasiru zaure, mu biyu. Na zuba sabon irin nan a faifai, jajaye da koraye da masu ruwan goro, na ce ya ware mini na Sakkwato. Ya ɗauki guda ya latsa. Ya ɗauki wani ya latsa. Duk taurinsu ɗaya. Ya ɗaga ɗaya wajen hasken ƙofa ya juya shi, ya ajiye a dama, kore ne shar. Ya ɗauki jawur ya yi ta kallo, ya ajiye a hagu.  Na ce ya bari haka nan.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Baba, ban san akwai yaushe ba. Ni na aza kowa da hannu shika ganewa, ja sunan mai laushi na. Wanga iri da anka kawo shi ya ƙi yi man magana." Ya sunkuyar da kai. "Ni nic cika cikin kwandunan nan. Kawu huska kaɗai yay yi."

"Kuma kab bari anka kore shi kana tsaye?"

"Na so in hwaɗi. Kawu yat taka man ƙahwa. Da munka keɓe yas sa ni rantsuwa in yi shiru."

Na so in yi masa faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Tausayinsa na ji, mutum ya yi shekaru yana lalube a gaban ubansa, uban yana yaba masa. Na kuma ji zafi irin wanda ban taɓa ji a sana'a ba, don a kan faifan nan na ga ba ni da magaji.

Na hau keke na tafi Kagara. Na tarar da Isah a ƙofar gida yana ɗinke bakin wani tsohon buhu da ya zuba tufafinsa a ciki. Da ya gan ni ya yi dariya.

"Yaya Garba, ka zo rakiya ko ka zo ka ga na tahi da gaske?"

Na ce, "Na zo in ga maƙaryaci. Yaushe kas sani?"

Ya daina dariya. Ya soke allurar a jikin buhu.

"Tun rana ta hwarko da munka zauna rumhwa ɗaya. Haka Baba ka latsa abu. Na girma ina kallon wanga yatsa, ba ni ɓata shi. Da ina bi bayanai ina gyarawa, ranan nan kaya sunka yi yawa, direba na ta matsa oda, ban kai ga cikin kwando ba."

"To mi as sa ba ka hwaɗi ba? Rami za ka shiga saboda yaron da ad da uba?"

"Yaya, ni tun ina goye ɗan Ɗanjuma nike. Sunan ya zauna man, ba shi yi man ciwo kamar da. Nasiru bai saba ba. Kuma in anka ji shi na, mi za a ce? A ce Adda Hajara tak kawo muku. Kana da ɗiya mata ba su yi aure ba. Ka san bakin mutanenmu."

Na san shi kuwa.  In na wanke Isah, na tona ɗana, na ja wa matata da 'ya'yana mata magana. In na yi shiru, mutum mai lafiyayyen ido zai shiga rami a kan laifin da ba nasa ba. Na ce masa kada ya kuskura ya hau mota sai ya ji daga gare ni, na juya gida.

Hajara na tankaɗe a tsakar gida na faɗa mata komai, har da ƙudan Malam Aminu. Na ce ta wajenta abin ya biyo, ba laifinta ba ne, ba laifin kowa ba ne, amma in na fita da maganar ita za ta fara shan baki. Ta ci gaba da tankaɗenta har garin ya ƙare, ta kakkaɓe rariya.

"Malam, ubana na. Da shina raye ban ji kunyatai ba, ba yanzu za ni hwara ba. Wanda duk ka son ɗiyana shi zo da saninai. Tahi ka maido man ƙanena."

Na yi niyyar ni zan yi magana a gaban Alhaji. Da safe da 'yan ɗiba suka taru a rumfar Boyekai, na aika aka kira Isah, ya zo ya tsaya can nesa a bakin kanal. Ina gyara murya sai Nasiru ya riga ni. Ya fito tsakiya ya ce shi ne ya cika kwandunan, ba ya raba ja da kore, bai taɓa rabawa ba, kuma kawunsa ido gare shi fiye da duk wanda ke wurin. Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi ya haɗiye. Alhaji ya ce ba ya yiwuwa, ɗan Garba ne. Na ce ɗan Garba ne, jikan Ɗanjuma kuma ta wajen uwa, kuma ta nan abin yake bi, mu ne muka shekara muna tsare ƙofar da ba ta nan yake shiga ba. Wani dattijo a cikin 'yan ɗiba ya ce lallai akwai jikan Ɗanjuma a Rara, ɗan ƙanwar Hajara, da ake yi wa dariyar haɗa kaya. Alhaji bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Tulin ɗiban safe ya nuna da haɓa, ya ce a kira Isah ya shirya kwando ɗaya yana kallo.

Isah ya zo ya zauna. Bai latsa ko guda ba. Hannunsa na zuwa na dawowa, na Sakkwato gefe, na Kudu cikin kwando, ɗanyu a baya. Da ya gama Alhaji ya naɗe hannun rigarsa ya cusa har gwiwa kamar matar nan ta Kudu, ya zaro daga gindi, ya zaro daga ciki, ya juya su a tafinsa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Isah, ka yahe ni." Ya juyo gare ni ya tambaya wa zai riƙe rumfar Boyekai daga yau. Na ce ga shi nan zaune a kan kujerar. Na faɗe shi da ƙarfi don kowa ya ji, amma ni na san abin da ya fita daga gidana a wannan kalma.

Aka koma aiki, 'yan ɗiba suka watse cikin layuka. Nasiru ya tsaya shi kaɗai, bai san inda zai sa kansa ba. Can na ga ya je jikin rumfa ya ɗauko gammo, ya ɗora a ka, ya durƙusa gaban kwandon da aka gama yana jiran a aza masa. Na kau da kai, don ba zan iya kallo ba.

"Aje shi," in ji Isah.

"Kawu, shi kaɗai ar rage da nika iyawa."

"Nic ce aje shi. Gidan Ɗanjuma ya ɗauki kwando ya isa, ni na ɗaukam muna." Ya jawo wani kwando ya kife shi kusa da kujerarsa, ya ciro igiya daga jikin rumfa ya miƙa masa. "Zauna nan. Ni in zaɓa, kai ka ɗaure. Ɗauri hannu shika so, kuma hannunka ya hi nau."

Nasiru ya sauke gammon ya zauna. Ni kuma na ɗauki bokiti na shiga layi, don rana ta fara yi, tumatir ba ya jira.